Tafiya da Ƙafa da Gyaran Akushi: Darasi Kan Rage Ƙiba Daga Garin Jalingo

Garin Jalingo ya fara ne a matsayin sansanin yaƙi. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa shi cikin shekarar 1893, daga baya fadar masarautar ta tabbata a nan. Bayan shekara kusan ɗari, ran 27 ga Agusta 1991, Gwamnatin Tarayya ta yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, ta mai da Jalingo babban birninta. Tun daga wannan rana zaman garin ya sake. Aka gina sakatariya da ofisoshi, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Yola da Wukari da Gembu da sauran wurare, unguwanni suka miƙe har suka haɗe da ƙauyukan da a da sai an yi sammako kafin a kai su.

Akwai wani canji da ya biyo bayan wannan, wanda ba a rubuta shi cikin takardar gwamnati ba, amma ana ganinsa a jikin mutane. A zamanin iyaye, magidanci yakan taka zuwa gona ya wuni yana noma, ya dawo da ƙafa. Uwargida takan yi surfe da daka a turmi, yara su ɗebo ruwa a rafin Lamurde ko Mayo-Gwoi, a yo itace a gindin duwatsun Kona. Ba wanda ya kira wannan da sunan motsa jiki, aikin yau da kullum ne kawai. Yanzu kuwa injin niƙa ya karɓi aikin turmi, mai kura yana kawo ruwa har ƙofar gida, keke napep yana ɗaukar mutum daga bakin layi ya sauke shi a bakin ofis, inda zai zauna kan kujera daga safe har la'asar. Wannan sauƙi ne, ba kuwa wanda zai so a koma wahalar da. Sai dai abu guda bai sake ba, watau akushi. Malmalar tuwon da aka saba zuba wa manomi ita ake zuba wa akawu, sakwarar doyar da Mumuye ke nomawa a Zing da Yorro tana nan da girmanta, har an ƙara mata lemon kwalba da burodi da shayi mai kauri. Ƙafa ta huta, baki bai huta ba. Mafarin ƙiba ke nan a Jalingo, haka kuma abin yake a Kano da Sakkwato da Ibadan da duk garin da ya bunƙasa.

Abin da ƙiba ke jawowa

Jiki yana samun ƙarfinsa daga abinci kamar yadda fitila ke samun haske daga kananzir. Masana suna auna wannan ƙarfi da wani ma'auni da ake kira kalori. In abin da ya shiga ciki ya yi daidai da abin da jiki ya ƙone, nauyi yakan tsaya wuri ɗaya. In ya ɗara, jiki ba ya zubar da rarar, sai ya mai da ita kitse ya ajiye, kamar yadda manomi ke zuba rarar hatsi a rumbu domin bazara. Ga mutumin da ya san yunwar damina kowace shekara, wannan ajiya rahama ce. Ga wanda albashi ke shigo masa kowane wata, rumbu ne da ake ta zubawa ba a ɗiba.

A ƙasar nan an daɗe ana ɗaukar ƙiba alamar wadata. In amarya ta murje sai a yaba wa ango, in ma'aikaci ya ajiye tumbi sai a ce ya samu wuri. Likitoci kuwa abin da suke gani a asibiti daban ne. Kitsen da ya taru a ciki, kewaye da hanta da hanji, yana hana sinadarin insulin yin aikinsa na shigar da sukari cikin tsoka, daga nan sai ciwon sukari ya biyo baya. Zuciya tana shan wahalar tura jini cikin jiki mai nauyi, jijiyoyi suna ƙanƙancewa, hawan jini ya samu, shi kuwa hawan jini shi ne babban mai jawo shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda. Gwiwoyi suna ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu. Wasu kuma numfashinsu yakan riƙa yankewa cikin barci, su yi ta minshari, su tashi da safe a gajiye. Mugun abin shi ne hawan jini da ciwon sukari sukan yi shekaru suna ɓarna a ɓoye, mutum yana cin abincinsa yana zuwa aikinsa, bai san kome ba sai ranar da ya faɗi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, kuma a tsakanin manya abin ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. A Nijeriya, binciken lafiyar jama'a da aka yi a 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce yadda ya kamata, abin kuma ya fi yawa a birane. Amma wannan binciken dai ya nuna kashi 12 cikin ɗari na matan ramammu ne, kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Don haka lalle ne a gane cewa wannan darasi ba domin kowa aka yi shi ba. Ramamme da mai ciki da mai shayarwa da ƙaramin yaro ba su da abin ragewa. Kafin mutum ya ce zai rage ƙiba, sai ya fara tabbatar da cewa yana da ita.

Sikeli da igiya

Hanyar da ake bi a asibiti ita ce a gwada nauyi da tsawo. Ana auna nauyi da kilo, a auna tsawo da mita, a ninka tsawon da kansa, sa'an nan a raba nauyin da abin da aka samu. A ɗauki misalin wani akawu a sakatariyar Jalingo, tsawonsa mita 1.70, nauyinsa kilo 88. In an ninka 1.70 da 1.70 za a sami 2.89. In an raba 88 da 2.89 za a sami 30 da 'yan kai. Ga baligi, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, daga 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya ɗara, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce da ke bukatar a tashi mata tsaye. Akawun nan ya riga ya tsallaka.

Wannan lissafi yana da rauninsa, domin sikeli bai san bambancin tsoka da kitse ba. Ɗan dako a babbar kasuwa ko mai fasa dutse yana iya yin nauyi alhali ba kitse a jikinsa. Saboda haka akwai awo na biyu wanda ya fi sauƙi, ba ya kuwa bukatar kome sai igiya. A yanki igiya daidai tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ƙugu wajen cibiya, ba tare da an shanye ciki ba. In bakunan suka haɗu, to, madalla. In suka ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, domin ƙa'idar ita ce kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Wanda ke da tef irin na tela yana iya lura da cewa haɗari yakan fara ƙaruwa daga santimita 94 ga maza, da santimita 80 ga mata, ya kuma tsananta daga 102 ga maza da 88 ga mata. Babbar riga da zane suna ɓoye abubuwa da yawa, igiya kuwa ba ta da kara.

Direba da kwandasta

Dalilin da ya sa likitoci suka ba tafiya muhimmanci ya samo asali ne daga wani bincike da aka buga a Ingila cikin 1953. Wani likita mai suna Jeremy Morris ya duba lafiyar dubban ma'aikatan motocin bas masu bene na birnin Landan. Direba da kwandasta mota ɗaya suke shiga, awa ɗaya suke yi, zamansu da abincinsu kusan iri ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne direba yana zaune wuni zubur, kwandasta kuwa yana hawa da sauka kan matakala yana karɓar kuɗi. Da aka ƙidaya, sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma in ya kama su ya fi saurin kashe su. Aka sake gwadawa tsakanin masu raba wasiƙu da ƙafa da abokan aikinsu na gidan waya da ke zaune a ofis, aka sami irin wannan sakamako. Duk mai tuƙa keke napep a titin Hammaruwa daga safe har dare, da tela, da mai shago, da magatakarda, kujerar direban nan suke zaune a kai.

Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 ita ce kowane baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a cikin mako. Mafi ƙaranci ke nan rabin awa a rana, kwana biyar. Abin da ake nufi da matsakaici shi ne tafiya da hanzari, irin ta wanda ya ji an ta da iƙama yana nesa da masallaci, ko wanda ƙararrawar coci ta buga yana hanya. Alamarta ita ce numfashi ya ɗan ƙaru, jiki ya ɗumama, mutum yana iya magana da abokin tafiyarsa amma ba zai iya rera waƙa ba. Tafiyar rangwaɗa ta zuwa zance ba ta cika wannan sharaɗi ba, ko da yake ta fi zama. Ba dole ne a yi rabin awar a haɗe ba. Minti goma da safe, goma da rana, goma bayan abincin dare, duka ana lissafa su. Ban da wannan, ana so sau biyu a mako a yi aikin da ke ƙarfafa tsoka, kamar noma, ko jan guga, ko ɗaukar kaya, ko a tashi a zauna daga kujera sau goma ba tare da dafa hannu ba. Yara kuwa awa guda ta guje-guje suke bukata kowace rana.

Masu wayar hannu da ke ƙidaya taku sukan ji ana cewa sai an yi taku 10,000 a rana. Wannan adadi ba daga asibiti ya fito ba. Wani kamfani ne a ƙasar Japan ya raɗa wa na'urarsa ta ƙidayar taku wannan suna wajen 1965, ya bi duniya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2019 kan mata tsofaffi ya nuna amfanin tafiya yana fara bayyana tun daga taku 4,400, yana ta ƙaruwa har wajen 7,500. Saboda haka kada adadin ya karya wa kowa gwiwa. Kilomita guda takan ci wajen taku 1,300, mai hanzari kuma yakan yi ta cikin minti 12 ko kusa da haka.

Inda za a taka, da lokacin da za a taka

Tafiyar da ta fi daɗewa ita ce wadda aka saƙa cikin harkokin yini, ba wadda aka keɓe mata riga da takalmi na musamman ba. Ma'aikacin da ke zaune a Sabon Gari ko Magami yana iya sauka daga keke tun da sauran tafiyar minti goma ya ƙarasa da ƙafa, ya yi haka nan in an tashi. Rabin awar ta kusa cika ke nan, ga kuma 'yan canji sun rage a aljihu, abin da ba a raina shi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin mota ya tashi. Saƙon da za a ba masinja ya kai ofishin da ke bene na sama, mai shi ya kai da kansa. Zuwa masallaci ko coci ko cefane, in wurin bai wuce kilomita ba, ba ya bukatar inji. Waɗanda ke son fili suna da harabar filin wasa na Jolly Nyame da filayen makarantun unguwa, matasa masu ƙarfi kuma ga hanyoyin da suka nufi duwatsun Kona, inda hawa kaɗan ke sa zufa fiye da doguwar tafiya a shimfiɗe.

Yanayin Jalingo yana da nasa hukunci. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan kusanci digiri 40, tafiyar tsakar rana a lokacin nan ganganci ce. Sai a fita bayan asuba kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar sakaliya, a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Da hunturu ƙura takan ta da tari ga masu ciwon asma, ya kamata su jira hazo ya lafa ko su rufe hanci. Da damina a kiyayi bakin rafi, domin Lamurde da Mayo-Gwoi sukan cika ba sallama. Mai tafiya a bakin titi ya bi hannun da zai fuskanci motocin da ke tahowa, in da duhu ya sa tufa mai haske, ya kuma tafi da aboki. Abokin tafiya yana da amfani biyu, ga tsaro, ga kuma kunyar da za ta hana mutum komawa barci alhali wani yana jiransa a ƙofar gida.

Wajibi ne a yi maganar mata, domin su ne ƙiba ta fi damu, su ne kuma hanyar fita ta fi yi wa wuya. Mace takan ƙara nauyi da kowace haihuwa, a lokacin jego a yi ta ɗura mata kunun kanwa da nama, kafin jiki ya koma wani cikin ya shiga. Wadda ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida na minti goma sau uku a rana, ko da gidan ƙarami ne. Shara da wanki da daka duka aiki ne na gaske, bai kamata a sakar wa 'yar aiki da yara dukansu ba. Matan gida ɗaya ko maƙwabta suna iya sa lokaci guda su yi tare. Maigida kuma yana da hannu a ciki. Wanda ya iya biyan kuɗin maganin hawan jini kowane wata, bai kamata ya ga ƙyashin barin iyalinsa ta taka zuwa gidan 'yan'uwa ko makarantar Islamiyya ba.

Lissafin da ba a son ji

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Mutum yakan yi wata guda yana tafiya, ya hau sikeli ya ga allura ba ta motsa ba, sai ya ce aikin banza ne ya bari. Dalilin yana cikin lissafi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Akawun nan mai kilo 88, in ya yi rabin awa yana tafiya da hanzari, zai ƙone wajen kalori 170. In ya yi haka kwana biyar a mako, 850 ke nan, watau sai ya yi wata biyu cur kafin kilo ɗaya ya tafi. In kuwa ya dawo daga tafiyar ya saka wa kansa da lemon kwalba mai sanyi na roba, mai rabin lita, ya mai da kalori fiye da 200 cikin minti biyu, domin sukarin da ke ciki ya kai ƙaramin cokali 12 ko 13. Ya biya bashi da hannun dama ya ciwo wanda ya fi shi da hagu.

A juya lissafin. In akawun ya saba shan roba ɗaya kullum, ya bari ya koma ruwa, ya rage kalori fiye da 1,400 a mako ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. In ya haɗa da tafiyar, kilon da zai ci wata biyu sai ya tafi cikin mako uku zuwa huɗu. Abin da wannan ke koyarwa shi ne tafiya tana gyara zuciya da jini da sukari ko da nauyi bai sauka ba, ita ce kuma ke hana kitsen da ya tafi dawowa, amma saukar nauyin kanta a madafa ake yin yawancinta.

Sukari ne na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce wajen gram 50 a rana, watau ƙaramin cokali 12, in an iya tsayawa a shida ya fi. Gwamnatin Tarayya ma, cikin dokar kuɗi ta 2021, ta ɗora harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon da aka sa wa sukari. Amma ba a kwalba kaɗai yake ba. Yana cikin kofin mai shayi, inda ake kwarara madara mai zaƙi a bi ta da sukari, yana cikin zoɓo da kunun zaƙi da fura da kunun gyaɗa. Ba a ce a bar waɗannan ba. A rage sukarin rabi, bayan mako biyu harshe zai saba, har in aka ba mutum irin na da ya ji ya yi masa yawa. Ganyen shayin da ake nomawa a tsaunin Mambila ba shi da laifin kome, abin da ake zuba masa ne abin dubawa. Giya da burkutu su ma suna ɗauke da kalori mai yawa, ban da ɓarnar da suke yi wa hanta.

Na biyu shi ne mai. Gram ɗaya na mai yana ba da kalori tara, alhali gram ɗaya na sitacin da ke cikin tsaba ko na furotin da ke cikin nama huɗu yake bayarwa. Babban cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa ya kai kalori 120. Uwargidan da ke tuttula mai daga galan har ya yi iyo a kan miya ba ta san adadin da ta zuba ba, in ta koma aunawa da cokali za ta ga galan yana ƙara kwana. Doyar da aka dafa ko aka gasa ta fi wadda aka soya, kifin Binuwai da aka gasa ko aka yi farfesunsa ya fi wanda ya sha mai, alala ta fi ƙosai.

Na uku shi ne girman malmala. Tuwon masara da na dawa da sakwara ba abokan gaba ba ne, yawansu ne matsala. Hanya mai sauƙi ita ce a raba faranti a ido: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama, sauran kashi ɗayan tuwo ko shinkafa, gwargwadon dunƙulen hannun mai ci. Ƙasar Taraba ba ta rasa ganye ba. Ga zogale da rama da alayyahu da yakuwa da kuɓewa da kuka, ga yalo da gwanda da gwaba da lemon zaƙi da mangwaro a lokacinsa. Ana so a ci wajen gram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, irin su dawa da gero da acca, ya fi riƙe ciki a kan farin burodi da taliyar leda. Inda ake ci a kwano ɗaya da jama'a yana da wuya mutum ya san abin da ya ci, sai ya rage loma, ya tauna a hankali, ya tsame hannu tun bai ji ciki ya ɗaure ba. Abincin dare mai nauyi da ake ci a kwanta a kansa, gara a matso da shi kusa da magariba. Haka nan a watan azumi, wanda ya buɗe baki da soye-soye da zaƙi har sahur yana iya fitowa sallah ya fi yadda ya shiga nauyi.

Gishiri ba ya sa ƙiba, amma yana ta da hawan jini, don haka a ambace shi a nan. Abin da aka yarda shi ne ƙasa da gram biyar a rana, watau ƙaramin cokali ɗaya bai cika ba, a haɗe da wanda ke cikin dunƙulen miya. Daddawa da citta da tafarnuwa da albasa suna ba da ɗanɗano. Barci kuma a sami awa bakwai ko fiye, domin wanda ya raba dare yana kallon waya yakan tashi da kwaɗayin zaƙi da kasalar tafiya.

Kilo nawa ake nema

In aka bi lissafin farko, akawun nan sai ya sauko kilo 72 kafin ya shiga sahun daidai, watau ya zubar da kilo 16. Jin wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya fasa. Amma ba a nan amfani yake farawa ba. A shekarar 2002 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mutum fiye da 3,000 masu nauyi, waɗanda sukarin jininsu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba tukuna. Aka ba wani rukuni maganin metformin, aka nemi wani rukunin su rage kashi bakwai cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiyar minti 150 a mako. Bayan kimanin shekara uku, maganin ya rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 31 cikin ɗari, gyaran abinci da tafiya kuwa suka rage shi da kashi 58. Kashi bakwai na kilo 88 kilo shida ne kacal. Wannan shi ne abin da akawun zai sa a gaba, cikin wata shida, rabin kilo a mako ko ƙasa da haka. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan 'yan watanni saukar takan ja baya, domin jiki in ya ragu bukatarsa ma takan ragu, wannan ba alamar kasawa ba ce. A riƙa hawa sikeli ɗaya sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, a rubuta a takarda, a kuma gwada igiyar nan sau ɗaya a wata.

Magungunan kasuwa da ganin likita

Kasuwa cike take da shayi da garin magani da ake cewa suna narkar da teɓa cikin kwana bakwai. Yawancinsu zawo suke sawa ko yawan fitsari, abin da ya fita ruwa ne, kitse yana nan, wasu kuma suna taɓa ƙoda da hanta. Duk abin da ba shi da lambar rajistar hukumar NAFDAC kada a kai shi baki, mai lambar ma a tambayi likita ko mai haɗa magunguna na asibiti. Ɗamarar roba da ake ɗaure ciki da ita zufa kawai take fitarwa. A ɗaya gefen kuma akwai 'yan mata da amare masu shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe domin su yi jiki. Daga cikinsu akwai dexamethasone, maganin da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman, wanda in aka daɗe ana shansa yakan kumbura fuska da ciki, ya jawo hawan jini da ciwon sukari, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe a kansa kada ta yanke shi rana ɗaya, domin yin haka yana da haɗari, sai ta je asibiti a janye mata shi a hankali. Akwai sababbin allurai na rage ƙiba da likitoci ke rubutawa a 'yan shekarun nan, suna aiki, amma suna da tsada da illolinsu, nauyi kuma yakan dawo in an bari. Ba abin saye a kamis ba ne bisa shawarar ƙawa.

Wanda ya haura shekara arba'in kuma ya daɗe bai motsa ba, da mai hawan jini, da mai ciwon sukari ko na zuciya, su fara zuwa a auna su kafin su soma. A Jalingo ana yin awon jini da na sukari a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha da ƙananan asibitocin unguwa, ba ya kuwa ɗaukar lokaci. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, in an maimaita shi a ranaku daban aka sami haka, hawan jini ne. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye shi don ya fara tafiya, likita ne zai rage masa in lokaci ya yi. Mai ciwon sukari ya sa takalmi rufaffe mai laushi, ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, domin ƙaramin rauni a wurinsa yana iya zama gyambo, in kuma yana shan magani ko allurar insulin ya riƙe dabino ko alewa a aljihu saboda faɗuwar sukari. A fara da minti goma a rana, a ƙara biyar kowane mako. In ana cikin tafiya aka ji ƙirji ya ɗaure, ko ciwo yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, a tsaya nan take a nemi asibiti.

Akwai kuma ramar da ba a yi murna da ita. Mutumin da ya ga yana zubewa alhali bai rage ci ba bai ƙara tafiya ba, musamman in da yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko tarin da ya wuce mako biyu, ko zufar dare, wannan alama ce ta ciwon sukari ko tarin fuka ko wata cuta, sai ya je a duba shi cikin makon nan. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe domin haka.